Wa Ya Riƙe Gatarin? Sharhi Kan Labarin Baba ta Karo da Tarihin Masu Kafa Gari

Akwai wata jimla da duk mai bibiyar tarihin garuruwan ƙasar Hausa ya saba da ita: wane ne ya zo ya sari daji ya kafa gari. Mun ji ta a bakin kakanninmu, mun karanta ta a 'yan littattafan da ake rabawa ranar naɗin sarauta, yanzu kuma muna cin karo da ita a Facebook duk ranar da wani ya tashi yabon garinsu. Ta zauna mana a kunne har ba ma tsayawa mu tambaye ta komai. Amma wanda ya taɓa kai wa tsohuwar kirya sara ya san gatari ɗaya ba ya kayar da daji. Icce ne da maƙera ke neman gawayinsa saboda tauri, masassaƙa kuma ke neman gindinsa don turmi da taɓarya. To in an ce mutum ɗaya ya sari dajin da ya zama gari, su wa suka riƙe sauran gaturan, kuma me ya sa ba a kiran sunansu?

Wannan tambaya ce ta mai da mu ga wani tsohon littafi da ya fito daga ƙasar Rogo da Karaye, wato labarin Baba ta Karo. Komawar tana da dalili. A 2019 gwamnatin Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, Karaye na cikinsu. A watan Mayu na 2024 aka rushe su, bayan wata biyu kuma aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Siyasar lamarin ba ita ce gabanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne ƙishirwar tarihi da ya tayar. Kowane gida na son a rubuta kakansa, kowane gari na son a san wanda ya kafa shi, kowane attajiri da ya gina masallaci ko ya haƙa rijiyar burtsatse yana da ɗan'uwa mai alƙalami. Abin da aka rubuta yau shi jikoki za su ɗauka a matsayin gaskiya gobe. Gara mu duba ƙirar da ake zuba waɗannan labarai a ciki tun kafin su bushe.

Ƙirar da muka gada

Mai karatu ya san ƙirar. An haifi wane a gidan mutunci. Ya yi karatun allo, ya nuna hazaƙa tun yana ƙarami. Ya fara sana'a da ɗan jari, Allah ya sa albarka. Ya buɗe wuri inda da babu kowa, jama'a suka biyo shi. Ya gina masallaci, ya sasanta rigima, aka ba shi sarauta. Ya rasu ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Duk abin da ke cikin jerin nan yana iya zama gaskiya, kuma sau da yawa gaskiya ne. Matsalar tana cikin kalmar aiki: ya buɗe, ya gina, ya sare. Aikin mutum ɗari ne aka ɗora wa suna ɗaya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, an yi yayin buga manyan kundayen tarihin gundumomi, inda ake jera rayuwar manyan gari shafi bayan shafi, sau da yawa ma wanda aka rubuta ɗin shi ne ya biya kuɗin shiga kundin. A yankunan da ke da kurmi, gwarzon irin wannan rubutu shi ne mai injin katako. Ɗauki Henry Yesler. Ya isa Seattle a 1852 lokacin wurin bai wuce 'yan gidajen katako a bakin teku ba, ya kafa injin yankan katako mai aiki da tururi wanda ya fara aiki a 1853, daga baya ya zama magajin garin har sau biyu. Hanyar da ake gangaro da gungumen itatuwa zuwa injinsa, yau babban titi ce mai ɗauke da sunansa. Cikin waɗanda suka yi masa aiki akwai 'yan asalin wurin, mutanen Duwamish, waɗanda a ƙasarsu ake saran. Kowa a garin ya san Yesler. Masu jan gungumen kuwa sai an tona takardu kafin a ji ɗuriyar ɗaya-biyu.

A yammacin Kano ba mu da irin Yesler sak, don ƙasarmu ba ƙasar kurmi ba ce. Mafi yawan katakon da ake jibgewa a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa daga Kudu manyan motoci ke kawo shi. Amma muna da tagwayensa: mai gandu da ya fita bayan gari ya yi sassabe, ya tara mutane, ya zama mai faɗa a ji. Kuma icce ya taka rawa a kafuwar garuruwanmu fiye da yadda marubutanmu ke nunawa.

Icce kafin ƙasa

Karaye da Rogo gari ne na iyaka. Yamma Katsina ce, kudu Zazzau. A ƙarni na 19, bayan jihadi, sarakunan Haɓen Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, daga can kuma mahara suka riƙa gangarowa kudu. Wanda ya zauna a irin wannan wuri, abu na farko da yake nema shi ne abin da zai tsaya tsakaninsa da doki. Ganuwar ƙasa tana cin shekaru da hannuwa masu yawa. Kafin a kai ga ita, kafi ake yi: a saro gungume, a kakkafa su a jere, a cike tsakani da ƙaya. Sunayen garuruwa sun riƙe mana shaidar. Ga Kafin Dabga a ƙasar Karaye, ga Kafin Maiyaƙi a maƙwabciyarta Kiru. Duk inda ka ji kafi a sunan gari, an yi kwanaki ana sara, ana ja, ana haƙa rami a wurin.

Haka soro. Rufin ɗakin ƙasa a kan azara yake zaune, wato gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika yi wa illa ba. Azara ba ta iya tsallake faɗi mai yawa ba tare da ta lanƙwashe ba, wannan ne ya sa magina suka ƙware wajen ɗaura ta sanda bayan sanda har ta zama bakan gizo. Mun san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma ya cancanci a san shi. Amma kowane baka a masallacin nan giginya ce da wani ya kayar a fadama, ya tsaga, wani ya ɗauko a ka ko a jaki. Rubutunmu ya tsaya a kan magini, bai gangara fadama ba.

Tsohon littafin tarihinmu ma haka ya yi. A Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, icce yana tsakiyar labarin mulki tun daga farko: bishiyar Tsumburbura da aka kewaye da katanga, wadda Barbushe kaɗai ke shiga wurinta. Can gaba, a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, littafin ya kawo yadda wani baƙon malami ya umarci sarki ya sare bishiyar tsafi ya gina hasumiya a gurbinta. Ga mai umarni, ga sarki. Wanda ya tsaya gaban iccen da duk gari ke tsoro ya ɗaga gatari, shi ne ya fi kowa kasada a wannan rana, shi ne kuma marubucin bai ga dalilin ambata ba. Daga nan muka gaji salon.

Abin da Baba ta gani

An haifi Baba wajen 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, wadda a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rogo. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana tsohuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith mai binciken zamantakewar Hausawa, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Mary ta rubuta, ta fassara. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, aka sake buga shi a Amurka a 1981. An fi karanta shi a matsayin littafin mata: aure huɗu, kishiya, ƙawance, kunyar ɗan fari, riƙon 'ya'yan dangi, bori. Karatun daidai ne. Amma surorinsa na farko tarihin mai kafa gari ne, kuma ba mu san wani rubutu daga wannan yanki da ya fi su gaskiya a kan batun ba.

Kakan Baba, Ibrahim Dara, Babarbare ne da ya zo daga Borno. Da a ce ɗaya daga cikin 'yan littattafan naɗin sarauta ne ya ɗauko shi, mun san yadda za a ce: ya zo, ya sari daji, ya kafa Karo, ya bar zuri'a ta malamai da manoma. Baba ba ta rage masa daraja ba, tana alfahari da asalinta da zanen fuskar gidansu. Sai dai ita ba jimla ɗaya ta ba mu ba, shimfiɗar wuri ta ba mu. Ga gida a cikin Zarewa mai ganuwa. Ga Karo a waje, kusa da gonaki. Ga rinji, inda bayin gidan ke zaune da iyalansu. Mai karatu yana gama ganin wannan shimfiɗa, sunan kakan sai ya daina zama mutum ɗaya, ya zama tsari mai hannuwa da yawa.

Littafin ya nuna yadda yini ke tafiya. Bayi na fita gandu da hantsi, a kai musu abinci gona, a tashi da azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa ya noma abin kansa. Akwai sarkin gandu, shi ma bawa ne, mai kula da aikin. Akwai 'ya'yan da aka haifa a rinjin, waɗanda a Zazzau ake ce wa dimajai, a Kano cucanawa, da ake kallon su kusa da dangi amma ba dangi ba. Baba tana faɗin wannan ne kamar mai faɗin yadda ake daka fura. Babu kunya a muryarta, babu fariya. Wannan sanyin murya shi ya sa muka yarda da ita. Kuma daga abin da ta faɗa muna iya ɗora namu lissafin: hannuwan da ke noma gandu su ne hannuwan da suka yi sassabensa, suka ƙone kututture, suka tsame saiwa. Ba sai an faɗa mana wa ya riƙe gatarin ba.

Abu na biyu da littafin ya gyara mana shi ne hoton iyaka. A rubutun yabo, zaman iyaka jarumta ce. A bakin Baba tsoro ne: a ji labarin mahara, a kwashi yara da abin da hannu ya iya ɗauka, a ruga cikin ganuwa. Ta ambaci mutanen Mai Sudan, ta ba da labarin yadda aka kama wasu daga danginta, aka yi ta neman inda aka kai su, aka tara kuɗin wuri aka fanso su. A nan littafin ya kai inda marubucin yabo ba zai kai ba. Gidan da ke da rinji shi ne gidan da ke kwana da fargabar a mai da 'ya'yansa bayi. Tazarar da ke tsakanin mai gandu da mai gatari, a wancan zamani, ba ta wuce hari ɗaya na asuba ba. Wanda ya fahimci haka ba zai ƙara rubuta mai kafa gari kamar wani da aka halitta daban ba.

Abu na uku shi ne ƙarshen tsarin. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Dokar Lugga ta riga ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, kodayake bautar kanta sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Baba ta ga yadda rinji ya riƙa zubewa, wasu suka gudu, wasu suka fanshi kansu, wasu suka zauna a matsayin talakawan gari. M. G. Smith ya lura da wani abu da ya dace da batunmu: matan da suka samu 'yanci sun janye daga aikin gona da zuwa daji neman icce, don waɗannan ayyuka ne ke nuna wace ce baiwa. Ashe ɗaukar icce a ka ma alama ce ta matsayi. Wanda ya samu hali, abu na farko da ya ajiye shi ne dammin icce. Ba mamaki jikoki ba sa son a rubuta kakansu da gatari a hannu.

Inda littafin ya gaza

Kada yabo ya ɗebe mu. Baba jikar mai rinji ce, daga ƙofar gidan iyayengiji take leƙen rinjin. Ta san bukukuwansu, ta yi wasa da 'ya'yansu, amma ba ta kwana da tunanin garin da aka raba su da shi ba. Babu murya ko ɗaya a littafin da ta fito daga can ciki ta yi magana da kanta.

Sannan tambayoyin ba na Baba ba ne. Mary Smith da mijinta zumunta da aure da tsarin gida ne suka dame su, don haka inda aka tambaya nan tsohuwar ta zurfafa. An samu shafuka a kan lefe da gara da wankan jego, ba a samu irin su a kan wane icce ake bari a gona, wane ake kayarwa, wa ke da ikon ɗorawar da ke kan iyaka, ko nawa masassaƙi ke karɓa a turmi. Mace mai daka kullum ta san turmin kirya da na wani icce ba ɗaya ba ne, da an tambaye ta da ta faɗa. Littafin ya nuna mana masu aikin, bai nuna mana aikin ba.

Na uku ya fi ciwo. Maganar da aka yi da Hausar Zarewa, yawancin masu karanta ta da Ingilishi suke karantawa, a jami'o'in da ke nesa da Rogo. Ɗalibi a Landan ya fi ɗan Zarewa sauƙin samun labarin kakar garinsu. Wannan ba laifin Baba ba ne, ba kuma duka laifin Mary ba ne. Namu ne, mu da muke da maɗaba'u da wayoyi.

Dajin ƙagaggun labarai

In tarihi ya yi shiru, a kan sa ran ƙagaggen labari ya yi magana. Namu bai cika yi ba. A littattafan gasar 1933, daji wuri ne da ake ratsawa: mazaunin aljanu da 'yan fashi da namun dawa, inda jarumi ke nuna wayo ko ƙarfi ya wuce. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja matafiyi ne, ba mai sassabe ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, shi ne ya fi kusa da rabin da ya ɓace a labarin Baba, don ya bi yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa. Amma a lura da sharaɗin da aka cika kafin a ba Umar bakin magana: sai da ya zama shaihi, almajirai suka kewaye shi. Wanda aka kama ya ƙare rayuwarsa a gandu yana sara, ba a ga labari a jikinsa ba.

Littattafan soyayya na kasuwar Kano, da 'ya'yansu da muke karantawa a waya yau, sun cika da alhazai masu dukiya. Muna sanin launin motarsu da adadin ɗakunan gidansu. Inda kuɗin ya fito kuwa jimla ɗaya ce: ɗan kasuwa ne. Ƙirar nan ce dai ta tarihin yabo, ta sauya riga.

Akwai wuri guda da mai gatari ya shiga rubutu da sunansa, kuma ba wurin alheri ba ne. Turawa sun kafa dokar daji a 1916, suka sabunta ta a 1937. Aka keɓe gandun daji a ƙarƙashin En'e, aka ware itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, aka sa malaman daji su yi tsaro. Tsofaffi har yau suna tuna fargabar haɗuwa da malamin daji da ɗanyen icce a ka. Daga nan talaka mai sara ya fara bayyana a takarda, a littafin alƙali, a layin waɗanda aka ci tara. Aikin da aka yaba wa mai gari a kansa a ƙarni na 19, shi aka hukunta talaka a kansa a na 20.

Wanda ya bar icce a tsaye

Jimlar nan ta saran daji tana ɓoye wani mutum kuma. Duk wanda ya bi hanyar Rimin Gado zuwa Karaye ya ga gonaki da ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tsaye a cikinsu. Ba da kansu suka tsira ba. Wani ne, ranar sassabe, ya zagaye su. Ɗorawa za ta ba da kalwa a yi daddawa, kuka ta ba da miya, gawo ya zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi, wanda aka buga a 1990 da sunan Wood Fuel in Kano, ya gano cewa manoman karkarar da ke kewaye da birnin Kano suna riƙe da itatuwan gonakinsu duk da yawan jama'a da buƙatar makamashi, saɓanin abin da ake zato. Sanin wanda za a sare da wanda za a bari ilimi ne, kuma shi ya sa ƙasar ta ɗauki mutane ɗaruruwan shekaru. Ba mu taɓa karanta tarihin wani da aka yaba don ya ƙi sare icce ba.

Yau tambayar ta fi zafi. Injin zarto yana kayar da abin da gatari ke yi wa kwanaki cikin ɗan lokaci. Buhunan gawayi sun jeru a bakin titi saboda kalanzir da gas sun fi ƙarfin talaka. Madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye ta kawo noman rani da kamun kifi, ta kuma shafe gonaki da itatuwan da ke cikinsu. Madobiya, wadda kakanninmu suka sani a dawa, neman da ake mata a ƙasar Sin ya kai sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ke sa ido kan cinikinsu daga 2017. A irin wannan lokaci, rubutun da ke koya wa yaro cewa girma shi ne a ce ka sari daji yana da farashi.

Me muke nema ga marubuci

Ba muna cewa a daina rubuta manyan gari ba ne. Ɗan katako ko dillalin icce da ya tashi daga turin baro har ya mallaki rumfuna, ya gina aji a makarantar garinsu, ya shugabanci ƙungiyar ci gaban gari, ya cancanci littafi, kuma littafin zai iya yin daɗi. Abin da muke nema shi ne a rubuta shi yadda Baba ta ba da labarin kakanta, da shimfiɗar wurin gaba ɗaya. Daga wane daji? Wane icce? Wa ke riƙe injin, nawa ake biyansa, yatsu nawa suka rage masa? Wa ya ba da takarda, me aka ba shi? Matan ƙauyen da ke kusa, tafiyar neman icce ta ƙaru musu ko ta ragu? In amsoshin sun yi wa mutumin kyau, girmansa ya tabbata da hujja. In ba su yi ba, mai karatu ya san abin da aka biya kafin a gina ajin.

Mun san abin da za a ce mana, kuma maganar tana da nauyi. Tonon rinji tonon asiri ne. Jikokin masu gandu da jikokin masu gatari yau maƙwabta ne, surukai ne, sahu ɗaya suke yi a masallaci. A ƙasar nan har yanzu kalma ɗaya a kan asali tana iya rushe baiko. Marubucin da ya tashi lissafa wane gida ne tsatson wa, ɓarna zai yi, kuma ba ma goyon bayansa. Amma tsakanin fallasa da shafewa akwai hanya. Ana iya rubuta aikin ba tare da an nuna gidan kowa da yatsa ba. Ana iya cewa gari kaza hannuwa da yawa suka kafa shi, cikinsu akwai waɗanda aka kawo ba da son ransu ba. Ƙagaggen labari ma ya fi kowa dama a nan, don yana iya ba mutumin rinji suna da murya ba tare da ya taɓa zuri'ar kowa ba. Kunyar da ke manne da gatari, shirun marubuta na cikin abin da ke ciyar da ita. Ranar da aka rubuta mai sara a matsayin wanda ya gina gari, jikansa zai rage sunkuyar da kai.

Waiwaye adon tafiya, in ji Hausawa, amma sai in an waiwayi kowa. Ga matasan Karaye da Rogo masu sha'awar rubutu, aikin yana kusa kuma lokacinsa gajere ne. Akwai sauran tsofaffin masassaƙa da gizagonsu, akwai waɗanda suka tsaga azara da hannunsu, akwai tsofaffin mata da suka san inda dawa ta tsaya lokacin suna 'yan mata. Wayar da kake karanta wannan sharhi da ita tana ɗaukar murya. Mary Smith da alƙalami da takarda ta yi nata cikin 'yan makonni, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin Baba ta rasu. In ka shiga zauren gidanku yau, ɗaga kai ka dubi azarar da ke sama, ka tambayi mafi tsufa a gidan daga wace fadama aka kawo ta, wa kuma ya saro ta. In ya tuna sunan, rubuta shi.